Bitil Ta Farko: Yadda Ƙanena Ya Sayo Tsohuwar Mota Daga Bauchi

Ƙanena malamin sakandare ne a Gombe. A Pantami yake zaune da matarsa da 'ya'ya biyu, kuma babur ne abin hawansa na yau da kullum. Shekara biyu ya yi yana zubin adashi saboda buri guda, wato ya mallaki Volkswagen Bitil, wadda wasu ke kira kunkuru. Ni na raka shi tun daga motar farko da muka je gani har ranar da aka danƙa masa makulli. Abin da ya sa na zauna na rubuta labarin shi ne samarin da ke tsayar da shi a hanya suna tambayar nawa ya saya. Kusan dukkansu kuɗin sayen kawai suke tambaya, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da suka ba mu aiki.

Sha'awar ta samo asali ne daga gida. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda aka dawo da su daga Maiduguri lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. A shekarar ya sayi Bitil da rancen mota, ga kuma ragowar kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka biya ma'aikata a 1975. Lokacin masana'antar Volkswagen ta Legas da ta Peugeot ta Kaduna duk ba su daɗe da fara haɗa motoci ba, domin a 1975 suka soma. A 1987 rayuwa ta yi tsada ya sayar da ita. Ni na tuna ƙarar injinta da ƙamshin kujerunta. Ƙanena kuwa a hoto kawai ya santa, hoton da mahaifiyarmu ke zaune a kan bamba tana riƙe da ni. Wataƙila shi ya sa abin ya fi kama shi.

Wace mota?

Da farko ban goyi bayan Bitil ba. Na ce masa ya nemi Peugeot 504. Hujjata a fili take: an daɗe ana haɗa ta a Kaduna, har cikin shekarun 2000, kayan gyaranta na nan a kasuwa, kuma da wuya ka shiga garejin da ba a san cikinta ba. Har yau ina kan wannan ra'ayi ga duk mutumin da motar za ta zama ita kaɗai ce abin hawan iyalinsa, wadda za a kai mara lafiya asibiti da ita cikin dare. Amma ƙanena ba haka yake ba. Yana da babur, makarantarsa ba nisa, kuma filin da zai ajiye mota a gidansa ɗan tsiriri ne. Tsawon 504 ya kusa mita huɗu da rabi, Bitil kuwa ta ɗan haura mita huɗu kaɗan, ga ta kuma ba faɗi. Mun auna ƙofar gidan da igiya, muka ga 504 sai an rushe katanga.

Mun yi maganar Datsun 120Y, wadda ta sha aikin tasi a ƙasar nan, amma waɗanda suka rage aiki ya cinye su, kuma gilashi ko fitila ɗaya na iya hana ka barci. Bitil ta fi su ta wannan fuska. An ƙera fiye da miliyan 21, an ci gaba da yin ta a Burazil har 1996, ta ƙarshe kuma ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003. Motar da aka yi da wannan yawa, kayanta ba sa ɓacewa daga duniya, sai dai a jira su.

Shawarar da ta fi kowace amfani ba daga gare ni ta fito ba. Wani abokin mahaifinmu ne ya ce wa ƙanena kada ya kalli mota ko ɗaya sai ya fara samun wanda zai riƙa gyara ta. Mako uku muka yi muna cigiya a garejojin Gombe. Samarin makanikai da yawa sun ce za su iya, amma da an tambaye su ina lagireton Bitil yake sai su fara dube-dube, alhali ba ta da shi ko kaɗan, iska ce ke sanyaya injinta. A ƙarshe aka kwatanta mana wani dattijo da ya koyi aiki a Jos tun yana yaro, yanzu ya rage aiki, almajiransa ne ke riƙe da garejin. Baba muke ce masa. Da ƙanena ya gama bayani sai ya tambaye shi nawa ya tara. Ya faɗa. Baba ya ce, "To ɗana, raba shi uku. Kashi biyu na mai mota ne. Kashi ɗaya ka ɓoye, kada dillali ya ji ƙamshinsa, domin motar ce za ta ci shi." Muka yi yarjejeniya za a biya shi ladan kowace tafiya, a sayi motar ko kada a saya.

Motoci biyun da muka bari

Ta farko a Jos take, wani dillali ya turo hotunanta ta WhatsApp. Ja ce fes, sabon fenti, kujeru sabbin ɗinki. Ni kaina ta burge ni, har na ce a tura kafin alƙalami kada wani ya riga mu. Baba ya ce ba ya cinikin biri a sama. Da muka isa, kafin ya gaisa da kowa sai da ya ɗaga murfin baya ya taɓa injin da bayan hannunsa. Da ɗumi. An riga an tayar da ita kafin mu zo, shi kuwa yana son ya ji yadda take tashi da sanyi, domin a nan ne injin da ya gaji ke tona kansa da shuɗin hayaƙi da ƙwanƙwasa.

Daga nan ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya bi gefen motar da shi. A ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi ya ƙi kamawa, alamar fila ce, wato ƙullun da ake cike lotsawar mota da shi, aka cika aka bi da fenti. Ya ɗaga kujerar baya, inda batirin Bitil yake zama, sai ga faranti an yi masa faci da guntun kwano, ruwan batir ya cinye asalin. Ya kama fulin da ke ƙasan injin, wato faifan da fanbel ke zagayawa a kansa, da hannu biyu ya ja ya tura, muka ji ƙas-ƙas. Ya ce wasan da aka yarda da shi a nan bai kamata ido ya gan shi ba, in har ana ji da kunne to sai an sauke inji. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne kwanukan da ke kewaye da injin. An cire guda biyu, robar da ke toshe tsakanin inji da bodi ma babu. Mutane na ɗauka ado ne. Su ne ke tilasta wa iskar fanka ta bi ta kan silinda, su kuma hana zafin salansa komawa ciki. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, injin da ba su ba zai daɗe ba. Kyan ɗan maciji ne, muka dawo.

Ta biyu a cikin Gombe take, a wani gida wajen Jekadafari, kuma ta fi ta farko tsufa. Wutarta mai bolt 6 ce, irin ta da, sitiyarinta kuma a dama, wato an shigo da ita tun kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi. Ƙanena ya so ta sosai saboda tarihinta. Amma ba a yi wa mota mai sitiyarin dama rajista yanzu, mai ita kuma ba shi da takarda ko guda. Ba mu daɗe a can ba.

Ta uku

Labarinta ya zo ne ta bakin wata gwaggonmu da ke Bauchi. Maƙwabcinsu, tsohon malamin makaranta, ya rasu shekara uku da suka wuce, motarsa na ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida. Ya daina tuƙa ta tun da idonsa ya raunana, kimanin shekara goma sha ɗaya ke nan. Da muka gan ta gabana ya faɗi. Fentin ya koɗe ya koma kamar alli, tayoyi sun zauna, ƙura ta yi kauri, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Baba kuwa murmushi ya yi. Ya ce fentin da ya koɗe ba ya ɓoye komai.

Mayen ƙarfensa ya kama ko'ina sai wuri ɗaya a gefen hagu, inda aka taɓa gogar ta. Ƙarƙashin batir akwai tsatsa, amma ya caka sukudireba bai huda ba. Ya kwanta ya bi dogayen bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda bodi ke zaune a kansu, yana ƙwanƙwasawa da kan sifana, duk suna amsawa da ƙarar ƙarfe mai lafiya. A nan busasshiyar iskarmu ta yi mana rana, domin motar da ta zauna a inuwa a Bauchi ba ta ruɓewa kamar wadda ta zauna a bakin teku. Kwanukan inji duk suna nan. Fulin ba ya wasa.

Babban ɗan marigayin ya kawo batir yana so a tayar da ita nan take. Baba ya hana. Ya cire filogi huɗun, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, ya bar shi ya jiƙa, sannan ya juya injin da sifana a hankali har ya tabbatar bai ƙame ba. Ya zura hannu bayan gidan fanka ya zaro sheƙar ɓeraye da gidajen zanzaro cike da tafi biyu. Da an tayar da ita da wannan shara a ciki, iska ba za ta wuce ba. Ya juye tsohon mai, ya zuba sabo lita biyu da rabi, wanda shi ne iya cikinta, ya goge kwantak, ya ba kafireta fetur daga galan. A bugu na huɗu ta kama. Hajiya, matar marigayin, tana daga ƙofar ɗaki, da ta ji ƙarar sai ta rufe fuska da mayafi ta koma ciki.

Takardu na cikin wata tsohuwar jakar fata. Rajistar farko ta 1978 ce, da tsohuwar lambar Bauchi mai farawa da BA, kuma sunan mutum ɗaya ne tun daga farko. Lambar shasi da ke buge a ƙarƙashin kujerar baya ta yi daidai da ta takarda. Lambar inji ce ta saɓa. Ɗan ya ce mahaifinsu ya taɓa canja inji ya sa mai ƙarfin 1600, har ya nemo rasiɗin a cikin jakar. Muka ce za a rubuta sabuwar lambar a takardar ciniki.

Maganar gado

A nan cinikin ya kusa rushewa, kuma a nan ne nake ganin ƙanena ya yi abin da ya fi komai daidai. Babban ɗan yana son a gama a ranar. Ya sassauta farashi, ya ce a ba shi kuɗi a ɗauki mota. Ƙanena ya tambaya ko an raba gado. Sai aka yi shiru. Ashe an raba gona da kuɗi, amma gidan da abin da ke cikinsa ba a taɓa ba. Motar ke nan ba ta babban ɗa ba ce. Hajiya na da tumuninta a ciki, akwai ƙannensa maza biyu, akwai mata uku, ɗaya tana aure a Azare ba ta ma san ana maganar ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba rashin yarda ba ne. Ina so in hau motar nan zuciyata a kwance." Ɗan bai ji daɗi ba, ya ce in ba ma so akwai masu so. Muka dawo Gombe hannu rabbana, kuma a hanya ni ma na yi masa faɗa, na ce ya bar dama ta wuce. Bayan kwana goma sha biyu gwaggo ta kira. Hajiya ce ta tara 'ya'yanta, aka kira malamin da ya raba musu gadon farko, aka sa wani dillalin motoci na daban ya yi wa motar ƙima. Ƙimar ta ɗara abin da babban ɗan ya nema da farko. Ƙanena ya taya, aka ce albarka, ya ƙara kaɗan, aka sallama. Duka bai wuce kashi biyun da Baba ya yanka masa ba. An rubuta takarda da sunayen magada duka da sa hannunsu, ta Azare ta zo da kanta, shaidu biyu daga kowane ɓangare, kuɗin kuma ta banki aka tura a gaban malamin.

Wani zai ce ƙanena ya yi asara tunda ya biya fiye da farashin farko. Ni na ga akasin haka da idona. Da muka je canja mallaka da karɓar sabuwar lamba, abin da aka fara nema shi ne hujjar cewa masu sayarwa na da ikon sayar da motar mamaci, kuma wannan takarda ce ta buɗe hanya. Bayan haka muka yi inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023, aka duba lafiyar motar aka ba ta takarda.

Ranar da aka gama cinikin, da za mu tafi, Hajiya ta kira ƙanena, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta miƙa masa ɗan littafin da marigayin ke rubuta ranar juyen mai da abin da aka gyara, shekara da shekaru, da rubutun malamin makaranta mai tsabta. Ta ce, "Ɗana, in ka gyara ta ka kawo min in gani."

Gyara, da kuskuren da muka yi

Ba mu tuƙo ta ba. A bayan babbar mota aka ɗauko ta, ta Dindima da Alkaleri, tafiyar kilomita ɗari da hamsin da ɗoriya. Baba ya tsara aikin, kuma fenti ne ya sa a ƙarshe. Birki ya fara, domin duk robobinsa sun bushe. Sai tiyon fetur, wanda ya ce shi ne ke ƙona Bitil: yana bi ta kusa da wuta a cikin inji, in ya tsage ko ya zame daga bakin kafireta shi ke nan. Ya sa sabo ya ɗaure kowane baki da kilif. Ya rufe kan batir da roba saboda ƙarfen kujerar baya kada ya taɓa shi in mutum mai nauyi ya zauna. Tayoyin suna da zane kamar sababbi, amma lambar da ke nuna ranar ƙira guda uku ce, wato tun kafin shekarar 2000 aka yi su. Duk aka zubar. Samun siraran tayoyi masu inci 15 ya ɗauki lokaci, daga Kano aka turo. Wasu kayan an same su a Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu a Panteka ta Kaduna, robar inji da ta gilashi kuwa sai da muka jira mako bakwai. An sa bel na ɗaure jiki a kujerun gaba, aka sayi abin kashe gobara.

Tankin mai ne muka raina. Leƙa shi muka yi da tocila muka ga kamar ba laifi, ƙanena kuma yana tsoron kuɗin ɓoye ya ƙare, sai muka roƙi Baba a bar shi tukuna. Mako biyu da fara hawa ta mutu masa sau uku, ɗaya a tsakiyar cunkoson Tashar Dukku da rana tsaka. Kowane karo garin tsatsa ne ke toshe kafireta. Fetur ɗin da ya kwana shekara goma sha ɗaya ya bar laka a gindin tankin. Dole aka sauke shi aka wanke, aka busa bututun da ke tafiya daga gaba zuwa baya, aka sa matatar mai a ƙarƙashin tankin, nesa da zafin inji. Da an yi tun farko da kuɗin wankin kafireta uku da na jan mota sun huta. Kashi ɗayan da aka ɓoye ya ƙare tas, har da ɗan ƙari daga albashin wata biyu, kuma har yau ba a yi fentin ba.

Wata takwas ke nan tana hannunsa. Tana cin kamar lita ɗaya a kilomita 10, abin da ba wasa ba ne tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, don haka babur na nan a bakin aikinsa, Bitil ta Juma'a ce da Asabar da ziyarar 'yan'uwa. Ba ya tafiyar dare da ita a babban titi, kuma na goyi bayansa, domin fitilarta da birkinta na zamaninsu ne, tankin mai kuma a gaban direba yake. Injin ba shi da matatar baƙin mai irin ta motocin yanzu, ɗan rariya ne kawai, shi ya sa Baba ya ce a riƙa juye mai duk kilomita 3,000 saboda ƙurarmu, duk da littafin motar 5,000 ya ce. Ya koya masa wanke tukunyar tace iska mai baƙin mai a ciki, musamman da hunturu, da saita bawul da safe kafin a tayar da inji, tazarar milimita 0.15. Yanzu da kansa yake yi, yana rubutawa a littafin marigayin daga inda ya tsaya.

Bayan ƙaramar sallah ya ce in raka shi Bauchi. Mun wuce Bara kaɗan sai jar fitilar dinamo ta kama. Baba ya sha nanata masa cewa fanbel ɗaya ne ke juya dinamo da fanka, in wannan fitila ta kama kada ya ƙara ko taku ɗaya. Ya sauka gefe ya kashe. Fanbel ɗin ya tsinke. Ya ciro na ajiya daga but, ya kwance fulin sama, ya daidaita wasoshin da ke tsakaninsa har bel ɗin ya yi tauri yadda aka nuna masa, muka ci gaba bayan minti ashirin. Mun isa gidan ana kiran la'asar. Hajiya ta fito da sandarta, ta zagaya motar sau ɗaya tana shafa murfin gaba, sannan ta ce a buɗe mata ƙofa. Ƙanena ya kai ta har Wunti ya dawo da ita, jikokinta uku a kujerar baya.